Ba ribar dilan mota nake ƙi ba, ɓoye farashi nake ƙi

Wani aminina mai makarantar kuɗi a nan Kaduna ya tashi sayen sabuwar mota mai buɗaɗɗen baya, don hidimar makaranta da ta gona. Ya sha shadda, ya kafa hula, ya shiga wani wurin sayar da motoci. Aka tarbe shi da "ranka ya daɗe", aka kawo ruwan sanyi, aka faɗa masa kuɗi. Da ya koma gida zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya tura direbansa ya je ya tambayi kuɗin motar nan dai, kamar wani ne ya aiko shi daga Zariya. Direba ya dawo da farashin da ya gaza na maigida da fiye da naira miliyan biyu.

Shi da yake ba ni labarin dariya yake yi, wai nan gaba da silifas zai riƙa zuwa. Ni abin bai ba ni dariya ba. Miliyan biyu ta fi albashin shekara biyu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin jihar nan, naira 72,000. Kuma ba abin da ya jawo wannan ƙarin sai rigar da mutum ya sa.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ban ga laifin dila ya ci riba ba, ko da mai kauri ce. Ina ma ganin cewa a cikin kuɗin da muke biya kan sabuwar mota, rabonsa ba shi ne babba ba. Dala da kwastam sun fi shi ci nesa ba kusa ba. Abin da nake ƙi shi ne a ajiye kayan miliyan arba'in ko hamsin a fili, ba a rubuta kuɗinsa a ko'ina ba, sai an kalli takalminka da agogonka sannan a yanka maka. Kowace motar da aka kasa don sayarwa a garin nan ya kamata a manna mata takarda a gilashi: ga kuɗinta, ga abin da kuɗin ya ƙunsa, ga la'adar dillali da wanda zai biya ta.

Kafin mota ta iso hannun dila

Mu fara da yi wa dila adalci, domin yawancin zagin da yake sha a majalisa ba nasa ba ne.

A ƙaddara mota ce da kuɗinta da na jirgin ruwa da inshora suka kama dala 20,000 kafin ta sauka a Legas. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan ya kama naira miliyan 9.2. Gaskiya ne diloli da yawa ba sa samun dala a wannan farashin, a hannun 'yan canji suke saye, amma da shi kwastam ke yi musu lissafi. Da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. A kan 1,500, motar nan ta koma miliyan 30. Ba a ƙara mata ko madubi ba.

Sai kwastam. A tsarin da hukumar ta sanar a watan Afrilun 2022, sabuwar mota tana biyan duti kashi 20 cikin ɗari, da wani harajin na raya masana'antar motoci shi ma kashi 20. Ta hannu kuwa 20 da 15. A kan miliyan 30, an ɗora miliyan 12 ke nan. Harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimilla, ya ci miliyan uku da 'yan kai. Mun kai miliyan 45, ba mu yi maganar kuɗin tashar ruwa ba, ko na ejan mai fito da kaya, ko na ajiya in mota ta daɗe a ciki, ko na tirelar da za ta ɗauko ta daga tashar ruwan Tin Can ta Legas zuwa Kaduna, balle abin da ake saki a shingayen hanya.

Duba lissafin da kyau: kashi ɗaya cikin uku na miliyan 45 ɗin nan aljihun gwamnati ya shiga. Da wuya ka samu dilan da ke cin haka a kan mota guda a cinikin yau da kullum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan haka mota ba ta tafiya ranar da ta iso. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma a saman wannan suke ba da bashi. In dila ya ci bashin miliyan 45 a kan kashi 30, duk watan da motar ta yi tana shan rana a fili ya ci masa fiye da miliyan ɗaya. Wanda ba ya taɓa kuɗin ruwa saboda addini shi ma bai tsira ba, jarinsa ne ke kwance naira tana zagwanyewa. Ga hayar fili, ga maigadi, ga yaran da ke wanke motocin kowace safiya a lokacin hunturu.

To tunda haka ne, me ake ɓoyewa? Dila mai gaskiya shi ya fi kowa buƙatar takardar nan da nake magana, domin ita ce za ta wanke shi a idon mutane.

Masu ɗorawa

Inda kuɗin mai saye ke zurarewa ba tare da ya amfani kowa sosai ba shi ne tsakanin mai mota da shi.

Duk wanda ya taɓa neman mota ya san yadda abin ke tafiya. Ka gaya wa mutum ɗaya irin wadda kake so, kafin magariba hotuna sun cika maka WhatsApp. Motar tana Legas, ko Abuja, ko a wani gida a Malali, amma kowa cewa yake "a hannuna take" ko "ta yayana ce". Mai ita ya ce miliyan 48 zai sallama. Na farko ya ɗora ɗaya. Na biyu, wanda bai taɓa ganin motar ba sai a hoto, ya ɗora ɗaya. Na uku ya san Alhaji yana da hali, kuma bikin 'yarsa ya matso, sai ya ɗora biyu. Mota ta iso maka a 52.

Ranar biya kuma za ka ga aiki. A ja ka gefe a ce, "Alhaji, kada ka yi maganar kuɗi da shi, mutum ne mai wuyar sha'ani, ka bar mu da shi." Shi ma mai motar an ja shi gefe an gaya masa haka. Sai a ba ka lambar asusun wani da ba ka taɓa jin sunansa ba. Kai da mai kaya kun gaisa, kun sha hannu, har kun yi addu'ar Allah ya sa alheri, amma ba wanda ya san abin da ɗayan ya biya ko ya karɓa.

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma mai mutunci. La'ada hakkin dillali ce. Sai dai asalinta a fili ake faɗin ta, a fili ake biyan ta, kowa ya san dillali ya ci guminsa. Wannan na 'yan kayi-nayi wani abu ne daban: an karɓi la'ada a fili, an kuma ɗora a ɓoye.

Za a ce mini, Malam, yaran nan ba su da aikin yi, tun da masaƙun Kakuri suka rufe gari ya yi zafi, da su yi sata ba gara su yi wannan ba? Haka ne, kuma ba cewa na yi a kore su ba. Amma duk wanda ya zauna da su ya san sun fi kowa kuka. Yaro zai yi sati yana yawo a kan babur da mansa, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, su kuma su karɓi lambar juna su zagaye shi su ƙarasa ciniki da dare. Ba shi da inda zai kai ƙara, domin abin da yake sa ran ci tun farko a ɓoye yake. Da a ce la'ada rubutacciya ce, kashi kaza, wane zai biya, da ya samu abin kamawa. Wanda ke ɗora miliyan biyu sau ɗaya a shekara ba lallai ya fi wanda ke karɓar tabbatacciyar la'ada duk wata samu ba.

Mu masu saye ma muna da namu. Akwai wanda zai biya miliyan hamsin bai ƙifta ido ba, amma a ce ya ba dillali dubu ɗari biyar sai ya fara tada jijiyar wuya, yana cewa "me ya yi?" Irin wannan shi ke koya wa dillali ɗorawa.

"Ai ciniki gadonmu ne"

Wannan ce hujjar da na fi ji. Wai mu ba Turawa ba ne, mun saba a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. In aka rubuta farashi an kashe daɗin kasuwa.

Ciniki yana da daɗi ne in mutum biyu sun san kimar kaya. Matar da ke sayen atamfa a Kasuwar Gumi ta san kuɗin turmi, ta saya bara, ƙawarta ta saya jiya, in an yi mata tsada shago na gaba yana nan. Mai sayen sabuwar mota watakila sau ɗaya ko biyu zai yi a rayuwarsa, yana gaban mutumin da ke wannan aiki kullum. Nan babu taye-taye tsakanin tsararraki biyu. Ɗaya yana gani, ɗaya yana lalube.

Kuma ku lura da waɗanda abin ke faɗawa kansu. Ba ɗan kasuwar da ya goge ba ne, shi ya san wanda zai kira a Legas ya ji gaskiyar farashi. Malamar asibiti ce da ta tara kuɗin adashe da na ƙungiya. Tsohon ma'aikaci ne da aka biya kuɗin sallama, yana so ya sayi bas ya sa a hanyar Kawo zuwa Kano. Manomi ne daga Giwa ko Soba da ya sayar da masara ya shigo birni. Matar da mijinta ya rasu ce, tana so ta juya gado ya zama abin da zai riƙa kawo wa marayu na cefane.

Rubuta farashi ba ya hana tayi. Abin da yake yi shi ne ya sa kowa ya fara daga wuri ɗaya. Mai baki ya nemi ragi, mai kunya ya biya abin da aka rubuta, amma ba wanda za a caza fiye da abin da ke jikin gilashi.

Akwai masu kawo addini, su ce ai shari'a ba ta tilasta wa ɗan kasuwa faɗin yadda ya sayo kayansa ba. Gaskiyarsu. Malaman fiƙihu sun bambanta cinikin musawama, wanda ake daidaitawa kan farashi ba tare da an ambaci uwar kuɗi ba, da cinikin murabaha, wanda mai kaya ke cewa ga yadda na sayo, ga ribar da nake so. Ni ma ban nemi dila ya buɗe mini littafinsa ba. Sai dai da zarar ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Alhaji miliyan kaza na sayo ta, dubu ɗari biyar kacal zan ci a kanka," ya shigar da kansa cinikin amana, kuma in maganar ba haka take ba sunanta ha'inci. Haka nan wayar da ake bugawa a gabanka, wai wani Alhaji ya taso daga Kano da kuɗi a hannu, alhali yaron shago ne ke bayan gini yana amsawa. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato zuga farashi da mai sayen ƙarya, kuma haramcinsa ba ɓoyayye ba ne ga ɗalibin Islamiyya ma.

Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayar wa mutane motoci ta hanyar murabaha, kuɗin saye a rubuce, riba a rubuce. Wasu na kukan ribar ta yi yawa, kuma suna da damar yin kukan, tunda sun gan ta da idonsu.

"Dala ba ta zama wuri ɗaya"

Wannan ita ce hujja mai ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Dila zai ce maka: in na rubuta miliyan 48 yau, jibi dala ta tashi, kuɗin da na karɓa ba zai sake sayo mini irin motar ba. Na sayar da riba a takarda, amma jarina ya ragu. An yi diloli da suka karye ta haka a shekarun nan, suna sayarwa suna murna, fili yana ƙara zama wayam.

Amma gidan mai fa? Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 farashin lita ya canza sau da yawa, wani lokacin cikin mako guda, kuma ba gidan man da ya ce saboda haka zai rufe lambobin famfo ya riƙa kallon motarka kafin ya faɗa maka kuɗi. Ana canza lamba ne kawai. Takardar gilashi ma haka: a sa mata kwanan wata, in dala ta motsa a cire a manna wata.

Sannan akwai tambayar da har yau ba dilan da ya ba ni amsarta mai gamsarwa. In dala ta tashi da safe, kafin la'asar motar da ta yi wata uku a fili ta ƙara kuɗi, hujja ita ce "kuɗin da za mu sake sayowa". Amma da dala ta sauko ƙasa da 1,200 a watan Afrilun 2024, sai magana ta koma "ai tsohon kaya ne, da tsada muka sayo". In da kuɗin sake sayowa ake lissafi, a yi da shi hawa da sauka. In da kuɗin da aka sayo ne, shi ma haka. Ɗaukar wanda ya fi daɗi kowane lokaci yana yiwuwa ne kawai saboda ba wanda ya ga farashin jiya a rubuce.

Wasu kuma tsoronsu maƙwabci ne: in na rubuta, na kusa da ni zai rage dubu ɗari biyu ya janye mini mutane. E, zai yi. Gasa ke nan, kuma ita ce kaɗai abin da ke kare mai saye.

Ba ƙayyade farashi nake nema ba

An taɓa gwada wannan. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta lissafa motoci da kayan gyaransu cikin abubuwan da hukuma ke yanka wa kuɗi, tare da sukari da gishiri da madara. Lokacin kamfanin Fijo na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yana kan ganiyarsa, 504 ta cika ma'aikatu da tashoshin mota, ma'aikaci kuma yana samun bashin mota daga wurin aikinsa. Dattawan da suka ga zamanin suna tuna shi da alheri, amma in ka zauna da su za su kuma gaya maka cewa farashin hukuma daban, abin da ake biya kafin mota ta zo hannu daban. Wanda ya san wani ya samu takardar rabo, ya sayar da takardar ya ci riba bai taɓa sitiyari ba. Ba na fatan a koma can. Dila ya sa kuɗin da ya ga dama, amma ya sa shi inda kowa zai gani.

Amurka, inda yawancin motocinmu na hannu ke fitowa, ta yi dokar haka tun 1958. Wani sanata daga jihar Oklahoma mai suna Mike Monroney ne ya kawo ta, har yau da sunansa ake kiran takardar da ake mannawa a gilashin kowace sabuwar mota: ga farashin da kamfani ya ba da shawara, ga kuɗin duk wani ƙari da aka yi wa motar, ga kuɗin dakonta. Takardar ba ta mayar da dilolinsu waliyyai ba. A 2021 da 2022, da motoci suka yi ƙaranci, da yawansu sun sayar sama da abin da ke rubuce. Amma mai saye yana ganin an ɗora, ya san nawa aka ɗora, in ya ga dama ya juya.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai kasa kaya ya bayyana farashinsu, ta kuma wajabta masa faɗa in kayan na hannu ne ko gyararre. A farkon 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda kuɗin da ke jikin kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. In ana iya yin haka a kan kayan masarufi, ban ga dalilin da filin motoci zai zama gona ta daban ba.

Maganar haɗa motoci a gida ma tana da nata. Tsarin raya masana'antar motoci da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2013 ya sauƙaƙa wa masu haɗawa a Najeriya haraji ƙwarai, sassan da ake shigowa da su a warwatse ba sa biyan komai ko suna biyan kaɗan, yayin da aka lafta wa cikakkiyar mota. Muna da Innoson a Nnewi, muna da kamfanin Dangote da Fijo da ya fara haɗawa a 2022 a kan hanyar Abuja, nan bakin ƙofarmu. Rangwamen nan daga aljihun 'yan ƙasa ya fito, don haka duk mai haɗa mota a ƙasar nan ya kamata ya buga farashinsa a fili, mu ga nawa ne ya iso ga mai saye.

Ribar da ba ta cikin farashi

Wani lokacin za ka matsa a rage maka, a rage, ka fita kana jin ka yi nasara, ashe an mayar ta wata ƙofa.

Babbar ƙofar ita ce musaya. Ka kawo tsohuwarka a karɓa a cika maka sabuwa. An rage maka miliyan ɗaya a kan sabuwar, an karya tsohuwar da miliyan biyu, bakaniken wurin yana zagaya ta yana girgiza kai. Mako mai zuwa ka gan ta an yi mata fenti tana sheƙi a gaban fili. Shawarata a raba cinikin biyu, a gama ɗaya kafin a buɗe ɗaya.

Sai kuɗin lamba da takardu, da ake faɗa a dunƙule ba rasit. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma cikakkiyar inshora ba ta gaza kashi 5 na kuɗin mota ba, wato fiye da miliyan biyu a kan motar miliyan 45, kuma wanda ya kai ka yana da kasonsa. Ba laifi ba ne, amma a faɗa. Sai biya kaɗan-kaɗan, inda ake gaya maka na wata kawai, ba a haɗa maka jimilla. Sai garantin da ba ya aiki sai a garejinsu kake sabis, wani lokacin ma garejin yana Abuja.

Mafi muni shi ne kalmar "sabuwa" da ake jefawa a kan abin da ba sabo ba. Ana ɗaukar jif mai shekara goma a canza mata fuska da fitilu da kujeru ta koma kamar ta bana. Ana mayar da lambar tafiya baya. Ana sayo wadda ta yi hatsari ko ta sha ambaliya a gwanjon Amurka, a gyara, a sa leda a kujeru. Kowace mota tana da lambar shasi, yawanci mai harafi da lamba 17, wadda akan gane shekarar da aka ƙera ta da ita, kuma da ita ake binciko tarihin motocin da suka fito daga Amurka. Dilan da ya ƙi ba ka wannan lambar kafin ka biya, cinikin biri a sama yake so ku yi. Haka takardar kwastam: tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma ofishin kwastam mai sintiri na shiyyar nan a Kaduna yake. Motar da aka yi maka araha saboda ba a biya mata cikakken duti ba, a hannunka za a kama ta, ba a hannun wanda ya sayar maka ba.

Babban mai ɓata kasuwa

Mutum nawa ne a Kaduna ke shiga su sayi mota fil a leda da kuɗin aljihunsu? Kaɗan ne. Manyan masu sayen sababbin motoci a ƙasar nan su ne gwamnatoci da hukumomi da bankuna da manyan kamfanoni, kuma mai saye da kuɗin da ba nasa ba ba ya tayi.

A 2013 ƙasar nan ta ɗauki zafi kan motocin BMW guda biyu masu sulke da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta saya a kan naira miliyan 255. A 2023, ana tsakiyar kukan cire tallafin mai, aka saya wa 'yan majalisar wakilai su 360 jif-jif ɗin Prado, rahotanni suka ce kowace ta kai wajen miliyan 160. Ba ina cewa duk kuɗin nan dila ne ya ci ba. Kowa ya san in ana irin wannan sayayya akwai na mai sa hannu, akwai na mai bin fayil, akwai kuma jinkirin biya da ke sa mai kawo kaya ya ninka tun farko don kada ya kwana ciki.

Abin da ya dame ni shi ne yadda wannan ke dawowa kanmu. Dilan da ya saba sayar wa ma'aikata mota goma a tashi ɗaya a kan farashin da ba a musu, ba zai ɓata yawunsa a kan mai makaranta da ke neman ragin dubu ɗari biyar ba. Kuma rashin rubutaccen farashi yana yi wa masu sayayyar gwamnati daɗi ƙwarai. Da kuɗin Hilux yana manne a gilashi a kan titin Ali Akilu, da duk ɗan jarida ko mai binciken kuɗi zai iya tsayawa ya ɗauki hoto, ya ajiye kusa da abin da aka rubuta a kasafin kuɗi.

Wa zai fara? Ƙungiyar masu sayar da motoci ta fi kowa iyawa, tunda ta san 'ya'yanta, tana sasanta rigingimunsu, tana iya yanka la'ada guda ta hana ɗorawa. In ta ƙi, gwamnatin jiha tana da hanya mai sauƙi: ita ke ba da izinin wuraren kasuwanci, ita ke yi wa motoci rajista. Sai ta sa sharaɗi cewa ba za a sabunta izinin filin mota ba sai kowace mota tana ɗauke da takarda mai farashi, da kwanan wata, da shekarar ƙira, da lambar shasi, da bayanin ko an biya duti, sannan ba za a ba sabuwar mota lamba ba sai an kawo rasit mai sunan wanda ya sayar da ainihin kuɗin da aka biya.